Rawutar da Ta Maƙale a 1970

Sau da yawa na'urar da ke raba intanet, wato rawuta, in ta daɗe a kunne sai ta fara nauyi. Ƙwaƙwalwarta ta cika da tarkacen da manhaja ta riƙe ta ƙi saki, sabis ya koma tafiyar hawainiya. Maganin da kowa ya sani shi ne a kashe a kunna. A gidan intanet ɗin da nake aiki a Kano, ni aka ɗora wa wannan aiki, har yara suka raɗa mini suna Injiniya Zare-Waya.

Da na gaji, sai na samu Alhaji mai gidan na ce, "Ranka ya daɗe, a bar rawuta ta riƙa kashe kanta tana tashi kullum ƙarfe uku na dare, lokacin da ba kowa." Ya ce bai yarda da injin da ke kashe kansa ba. Na ce ai ko jirgin Boeing 787, a 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta ba da umarnin a riƙa kashe masa wuta ana kunnawa, don kada na'urorin lantarkinsa su kai kwana 248 a kunne su tsaya cak. Jin an ambaci jirgi, Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, yi."

Washegari ƙarfe sha ɗaya na safe, ɗaki cike da ɗalibai masu cika fom, sabis ya ɗauke. Ƙarfe biyu ya sake. Ƙarfe biyar ya kuma. Wata yarinya da ta biya kuɗi rasit bai fito ba ta kama rigata ta ce sai na amayar da shi. Na canza waya, na hure ƙura, na kira kamfanin sabis na zazzage su, su kuwa ba su ji ba ba su gani ba. Alhaji ya kawo malami ya tofe ɗakin, ya turara shi har kwamfutoci suna ƙamshin habbatus-sauda.

Baba mai gadi ne ya kira ni gefe. "Ɗana, ni dai ban yi boko ba. Amma in na ta da inji ƙarfe takwas, awa uku cif abin nan ke mutuwa."

Na buɗe agogon rawuta: 1 ga Janairu, 1970. Ashe yawancin irin waɗannan ƙananan na'urori ba su da batirin agogo. Duk sanda suka tashi, sai su fara lissafi daga tsakar daren wannan rana, har sai sun tambayi lokaci a intanet ta hanyar da ake kira NTP, wadda ke bi ta ƙofa mai lamba 123. Wanda na gada kuwa ya toshe yawancin ƙofofi, wai don hana yara sauke fina-finai. Saboda haka baiwar Allah tana tashi ta ɗauka sha biyun dare ne, ta ƙirga awa uku, ta bi umarnina, ta farka a 1970, ta sake ƙirgawa.

Na buɗe ƙofar, agogo ya dawo daidai da na Najeriya, na kuma mai da kashe-kunnan sau ɗaya a mako. Tun daga ranar ba ta sake ba. Na je da murna zan yi wa Alhaji bayani, na tarar ana ɗora buhun shinkafa a kan babur.

"Injiniya, zo ka kama," in ji shi. "Gidan malam za ka kai."