Ku daina kirana Injiniya

Ina da wani ciwo da ba asibiti ake kai shi ba: ba na iya shiga shagon kayan ƙarfe da samfur a hannu. Sauran bayin Allah in noti ya lalace musu sai su kwance tsohon, su jefa a aljihu, su ajiye a gaban mai shago su ce a ba su irinsa. Ni kuwa gani nake wannan zubar da girma ne. Sai in ƙura wa abin ido, in auna shi da ɗan yatsa, in gyaɗa kai, in kama hanyar Kasuwar Ƙofar Ruwa ba komai a hannuna sai yarda da kai. Da na sa ƙafa yaran shago su ɗauka, "Injiniya, sannu da zuwa!" Daga nan kuma an gama da ni, don wanda aka kira Injiniya ba ya tambaya.

Get ɗin gidanmu ne ya tona mini asiri. Ya tsufa ya sauka, bakinsa yana jan ƙasa, duk mai buɗewa sai ya ɗaga shi da kafaɗa. Mai waldan unguwarmu ya ce maganin ba wuya: a sa rodi a karkace, daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, a raba shi biyu, a haɗa tsakiyar da ƙarfen ɗamewa, irin wanda ake ɗaure wayar da ke riƙe turken wutar lantarki da shi. In an murɗa, rodin ya gajarta, get ya tashi. Yana da rodi mai zare na milimita 10. Ya miƙo mini guntu ya ce, "Alhaji, tafi da wannan a gwada maka a can." Na ce, "Bar shi, Malam, ai na gani da idona."

Abin da na dawo da shi dogon noti ne, mai kyau, yana ƙyalli, kuma cikin ikon Allah ya shiga rodin. Na karɓi sifana da kaina na hau murɗi. Na murɗa har gumi ya jiƙa mini riga, get ko motsi bai yi ba. Mai walda yana tsaye ya rufe baki da hannu, wai tari yake. Zaren dogon noti iri ɗaya ne daga wannan baki zuwa wancan, duk na dama. Gwargwadon yadda yake hawa rodi ɗaya, haka yake sauka daga ɗayan. Tafiya kawai yake, tsawon yana nan yadda yake.

Ƙarfen ɗamewa na gaskiya dabararsa a nan take: baki ɗaya zaren dama, ɗaya bakin zaren hagu. Ka juya jikinsa gefe guda, ya jawo ƙarafan biyu ciki a lokaci ɗaya. Ka juya ɗaya gefen, ya tura su waje. A na milimita 10, tazarar da ke tsakanin zare da zare milimita 1.5 ce, don haka juyi ɗaya cikakke yana rage milimita 3, juyi goma kuma santimita 3. Abin haushin, zaren hagu ba baƙona ba ne. Yana jikin fedar keke ta hagu, yana kuma jikin murfin da ke riƙe farfelar fankar tsaye, wanda duk bazara sai na yi kokawa da shi, ina ƙara ɗaure shi ina tsammanin kwancewa nake.

Da na samo abin da ya dace, saura notin kulle, wanda ake matsewa a jikinsa don kada girgizar buɗewa da rufewa ta sassauta shi. Na koma, har yanzu hannu rabbana, na ce a ba ni lamba 10. Yaron ya ba ni lamba 10 kuwa, amma ta sifana, don a kasuwa da gareji da bakin sifana ake kiran noti. Wanda sifana 10 ke kamawa na ƙarfe mai kaurin milimita 6 ne. Nawa 17 ya kamata in ce, ko da yake akwai mai kai 16, na motocin Japan kuma 14. Na riƙe ɗan notin a tafin hannu, na ga sarai ya yi ƙanƙanta, na biya kuɗi na ce, "Yauwa, shi ne."

Sai kuma rikicin inci da milimita. A cikin tsofaffin kusoshin da ake zubewa a faranti akwai na inci 3/8, kaurinsa milimita 9.5 da ɗoriya, zare 16 a kowane inci. A ido shi da na milimita 10 kamar Hassan da Husaini. A hannu kuwa, ko dai ya ƙi shiga, ko ya ɗan shiga ya cije. Mai hankali nan yake tsayawa. Ni sai in ƙara wa sifana bututu in danna, har zaren ya cinye, sannan in ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Maimakon in gyara hali, karatu na koma. Na gano cewa a 1841 ne Joseph Whitworth ya fitar da ma'aunin zare na bai ɗaya a Ingila, mai kusurwa digiri 55, bayan a da kowace masana'anta nata take yankawa. A 1864 kuma William Sellers ya kawo nasa a Amurka mai digiri 60, wadda ita ce kusurwar zaren milimita na yau. Duk wannan na zayyana wa yaron shago, da ɗaga yatsa. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, ina ƙarfen yake? Da ka kawo shi da tuni mun gwada."

Ƙarshenta ɗana aka aika, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya tafi da ƙarfen a leda, ya dawo da notin da ya hau sumul da yatsa, har da canji. Get ya tashi a ranar. Kayan da na tara kuwa suna cikin gwangwanin madara a bayan ƙofa, uwargida tana kiransa asusun Injiniya, in baƙi sun zo takan girgiza musu shi.

Makon jiya ƙarfen labulen falo mai zugewa ya fara zamewa, ɗan sukurun da ke matse ƙaramin bututu cikin babba ya ɓata. Na riga na dubi raminsa, na auna da yatsa. Don Allah, masu shagon kayan ƙarfe, in kun gan ni tafe ku kira ni Malam kawai, ku ce in koma in ɗauko ƙarfen.