Haruffa Huɗu Sun Hana Zumunci

Wata sabuwar lalura ta shigo gari. Ba ta zazzaɓi, ba ta ciwon kai, haruffa huɗu ne kawai. Matashi zai miƙe a katifa da waya a hannu, ya amsa tambayoyi na minti goma, ya tashi yana shelar cewa shi INTJ ne. Daga ranar shi ke nan. Ba ɗaurin aure, ba gaisuwar mutuwa, ka kira shi har wayarka ta yi zafi ba zai ɗaga ba. A da rashin zumunci ake kiran wannan. Yanzu sakamakon gwaji ne.

"Umma, ni fa taron jama'a zuƙe min ƙarfi yake yi. INTJ ne ni."

"INEC dai na sani. Tashi ka sa hula ka je ka duba Kawunka, jiya aka sallamo shi daga asibiti."

Gwajin da ya haifi haruffan nan sunansa Myers-Briggs. Wata uwa ce da 'yarta a Amurka, Katharine Briggs da Isabel Myers, suka harhaɗa shi a shekarun 1940, suka jingina da littafin da Carl Jung ya fitar a 1921. A cikinsu babu wadda ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, amma suka raba bil Adama gida 16. Mutum sama da biliyan 8, gida 16! Wanda ya taɓa zama a gidan haya ya san tsakar gida ɗaya ma ta fi haka iri-iri.

Abin da ya fi burge ni shi ne, duk cikin gidajen nan babu ɗakin marowaci. Babu na magulmaci, babu na wanda zai ci bashinka ya sauya hanyar zuwa masallaci. Kowa mai zurfin tunani ne, mai tausayi, wanda duniya ta kasa fahimta. To, su wa ke gudu da kuɗin adashi?

Dalilin a fili yake: kai ne wanda ake tuhuma, kai ne shaida, kai ne alƙali. A tambayi tela ana jibi Sallah ko yana cika alkawari, zai danna "ƙwarai kuwa", alhali shaddarka na ƙarƙashin benci ko almakashi bai gani ba. Ga shi yawancin mutane a tsakiya suke, ba su cika surutu ba, ba su cika shiru ba. Shi ya sa mutum zai sake gwajin bayan 'yan makonni ya tarar an sauya masa gida.

A 1948 wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya miƙa wa kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki kusan 4.3 cikin 5 saboda dacewa. Ashe takarda ɗaya ce ya raba musu, daga littafin masu duba taurari ya tsinto jimlolin. Masu bugun ƙasa sun riga shi gano wannan sirri. Ka ce wa mutum akwai masu yi masa hassada, kuma na jikinsa ne, ka ga ko ba zai gyara zama ba.

Ba na cewa a watsar da abin gaba ɗaya. Yaron da aka daɗe ana kira miskili ko mai girman kai, har ana shawarar kai shi ruƙiyya, ya samu sauƙi idan gida ya gane shiru halittarsa ce. Masana kuwa sun fi amincewa da ma'aunin halaye biyar, wanda ba ya sa ka a gida, sai dai ya nuna inda ka tsaya a kowane hali, har da tsare aiki da saurin damuwa. Wannan ba ya samun kasuwa a WhatsApp, don babu mai son ɗora shaidar cewa shi malalaci ne.

Yanzu har maganar aure abin ya shiga. Yarinya za ta ce, "Baba, mun gwada, shi ENFP ne, mun dace sosai." Baba zai ce madalla, ya tura ƙaninsa unguwar su yaron. Ba waya za a tambaya ba. Liman za a tambaya ko yana ganinsa da asuba, sannan a wuce wurin mai shago, wanda tun kafin a gama ambatar sunan ya fara laluben littafin bashi.