A Gaishe Ki, Sangaya, Uwar Waƙoƙin Fiyano

Sannu da aiki, Sangaya! Tun da kamfanin Sarauniya na Kano ya sake ki a 1999, Ali Nuhu da Fati Muhammad suna rausaya a cikinki, ba ki huta ba, mu ma ba ki bari mun huta ba. A kaset kika iso Batsari, kika tare a teburin mai shayi, kika hau motar Safana ba ki biya ko sisi ba.

Kuma kin iya zaɓen lokaci. Shekarar da kika fito ita ce shekarar da Alhaji Mamman Shata ya kwanta dama. Mutumin Musawa ya fi shekara 50 yana wahalar da mu da kalangu da 'yan amshi da maganar da sai an zauna an tauna. Ke kuwa kin tausaya mana. Yatsa ɗaya a kan fiyanon Yamaha, sai ganga da algaita da sarewa su fito daga akwati guda. Baitinki kamar alawar yara, ko marar haƙori ya sha.

Allah ya saka miki, kin hutar da makaɗin garinmu. Ya rataye kalangu a bango har fatar ta tsage, ɗansa ya kama acaba, an rabu da gadon wahala. Kin hutar da 'yan mata da gaɗa. Da can sai su fito dandali da farin wata, su tsara baiti da kansu, su yi tafi, su jefi saurayin da ya ƙi noma da habaici. Ina amfanin wannan gajiya, ga DJ da lasifika ana hayarsa a kowane biki?

Ga ki da albarkar haihuwa. 'Ya'yanki da jikokinki sun cika finafinai da wayoyi, kowa da kamar ɗan'uwansa: a ruga bayan bishiya irin ta Indiya, a sauya kaya sau biyar kafin amshi ya ƙare. Kin koya wa samari cewa soyayya ba ta buƙatar gero a rumbu, murya kawai da rangwaɗa.

Mutane suna cewa 'yan bindigar dajin Rugu ne suka kashe dandali da dare. Kada a tauye miki haƙƙi: sun tarar kin riga kin share musu wurin.

Jama'ar Batsari da Safana, zaƙin waƙar nan gaskiya ne, amma abin da muka bayar a madadinsa ya fi shi tsada. Har yanzu akwai tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa a ka. Ku je ku zauna gabansu, ku naɗa, ku koya wa yara. In za ku aurar da ɗiya, ku kira mai kalangu, ku biya shi da daraja.