Mu Masu Ba Da Taurari

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, bayan sallar isha'i, kofi na hannun dama, waya na hannun hagu. Wanda ya kai gyaran waya Farm Centre, kafin shayinsa ya huce ya buɗe Google Maps ya ba mai gyaran taurari 5, ya rubuta cewa yaron ba ya musanya wa mutum batir. Wanda ya sayo gurasa a Jakara, hotonta zai ɗora da zafinta.

Ran nan Baba mai shayi ya ajiye buta ya dube mu: "Wai ku yaran nan, nawa ake biyanku?"

"Ko kwabo, Baba," in ji telan layinmu. Ya yi masa bayani: tun 2015 Google ke da tsarin Local Guides. Sharhi maki 10 ne, hoto maki 5. In ka tara 250 a sa maka ɗan tauraro kusa da sunanka, matakin ƙarshe kuwa sai da maki 100,000.

"Makin yana sayen ƙullin sukari?"

Aka kwashe da dariya. Ba ya saye. Waɗanda suka shigo don maki sun daɗe da gajiya. Mu da muka rage, wani abu ne ya riƙe mu. Ɗan adaidaita sahun cikinmu ya ce ranar da ya ɗauko wata baiwar Allah tana neman asibiti da dare, sharhin wani da bai sani ba ne ya nuna masa wanda ke buɗe. Tun daga nan yake jin akwai bashi a kansa. Telan kuma ya ce daɗinsa shi ne baƙo ya tsaya gaban mai tsiren da shi telan ya yaba, baƙon ya ce a waya ya gani.

Baba ya gyaɗa kai: "To ai abin da muka taso muna yi ke nan. Baƙo ya sauka a tasha, ka nuna masa masauki da inda ba za a cuce shi ba."

Doka ɗaya muke bi: ba ma yabon aikin banza don na ɗan'uwa ne, ba ma kushe mutum don saɓani, domin abincin wani ne a hannunmu. Kai ma in ka samu mai sana'a mai amana, ka faɗa. Wani matambayin yana hanya.