Ofis a Falon Baƙi

Da ruwan farkon damina ya yaye rufin ɗakin karatuna, magini ya leƙa ya ce aikin sati biyu ne. Sai na kwashi kwamfuta da takardu na yi hijira zuwa falon baƙi, wanda ba a buɗewa sai da sallah ko in surukai sun zo.

Uwargida ta ba ni masauki, amma da sharuɗɗa. Kujerun kayan ɗakinta ne, har yau ba a cire musu leda ba, don haka an hana ni jingina. Teburin gilashin tsakiya shi ya zama teburin aiki, sai dai tsayinsa bai wuce gwiwa ba, kullum a durƙushe nake rubutu kamar mai gaida sarki. A bayana kuwa ga kabad cike da tangaran da ba wanda ya taɓa cin tuwo a ciki. Ranar da muka yi taro ta Zoom, ina gama karanta rahoto shugabanmu ya tambaye ni ko na fara sayar da kwanuka ne.

Babbar fitinar dai baƙi ce. Duk wanda ya yi sallama ya gan ni a falo, ɗauka yake shi nake jira. "Alhaji, ashe kana gida!" Sai gaisuwa, sai ruwa, sai kukan tsadar siminti har azahar.

Yau wata huɗu ke nan. Magini ya tafi ƙauye noma, ya ce sai an yi girbi.