Tiya Ɗari Huɗu Ba Tan Ba Ce

Duk wanda ya tashi a Ɗanzomo ya san awo iri uku ne ke mulkinmu, kowanne da fadarsa. Hatsi na tiya ne da mudu, igiyar guga a ce gaba kaza, gona kuwa a ce tana ba da dami kaza. Wannan gadon kakanni ne. Tela da kafinta da mai yanka fuloti har gobe suna hannun Turawan Ingila da suka ci ƙasar Kano da Gumel a 1903: yadi, ƙafa, inci, fuloti hamsin da ɗari. Na uku shi ne na gwamnati da 'yan boko, wato mita da kilo da lita. Faransawa suka kafa shi a 1795, Nijeriya ta mayar da shi doka a 1974, shekara guda bayan naira ta kori fam da sule. Maƙwabtanmu na tsallaken Maigatari sun riga mu shiga, tunda su Faransa ce ta raine su.

Ni ɗan fada ta uku ne, kuma ba ƙaramin bafade ba. Malamin lissafi ne ni. Kullum ina gaban allo ina gaya wa yara yadi santimita 91.44 ne, hekta ta kusa eka biyu da rabi, galan ɗin Ingila lita huɗu da rabi ne da ɗoriya, na Amurka bai kai huɗu ba. In na ji daɗin kaina sai in ƙara musu da cewa an samo mita ne da aka raba tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu gida miliyan goma, aka ɗauki kashi ɗaya. Ina awon da aka ciro daga jikin duniya, ina kwanon da maƙeri ya bubbuga?

Wata kaka riɗi ya yi kuɗi, sai na hango abin da na ɗauka ba wanda ya gani. Manomanmu da tiya suke sayarwa, wakilan kamfanoni a Maigatari da kilo suke saye. Riba tana kwance a tsakani, tana jiran mai ilimi. Na sayo ɗan sikeli mai batir, na ce wa uwargida ta ciko mini tiya da gero. Ta ciko, na ɗora, idona a kan lamba: kilo biyu da rabi. Shi ke nan, tiya 400 tan guda ke nan. A daren na lallashe ta ta ba ni kwasar adashenta in sayi riɗi tiya 400.

Baffana yana kan buzu da carbi na kai masa albishir.

"Kai ɗan nan, tiyar wa ka auna?"

"Baffa, tiya ai tiya ce."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji shi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Wanda bai taɓa tsayawa kan mai awo yana saye ba bai ga sana'a ba. Zai luma tiyar cikin tsibi, ya ɗago ta da tozo, ya kewaye bakinta da tafin hagu, har wani hatsin ya hau tsintsiyar hannunsa, sannan ya juye a buhu yana ƙirga da ƙarfi. Mai kaya tana kallo, ta san da hannun, shi ma ya san ta sani, kuma an riga an sa kuɗin hannun cikin farashi. Ni kuwa na ce wannan ba tsari ba ne. Na zo da rular aji. Kowace tiya aka cika sai in bi bakinta da rula in share tozon, ya koma wa mai kaya, in biya farashin kasuwa cif.

Kafin la'asar labari ya zaga. Mata suka yi layi a ƙofar gidana da ƙwarya da ƙullin zane, har da waɗanda ban taɓa gani a garin ba. Wata tsohuwa ta karɓi kuɗinta, ta dubi rular, ta dube ni, ta ce, "Allah ya ƙaro mana irinku, Malam." Na amsa da amin har da dafa ƙirji.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na bi motar kaya ina zaune kan buhunana ina lissafin riba. Wakilin kamfani ya sa aka ɗora su a babban sikeli ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa jimla, ya juyo mini da takarda. Ko kilo 700 ba su cika ba. Na ce sikelinsa na da aljanu. Bai yi fushi ba.

"Malam, ba ga naka nan a jaka ba? Gwada mana."

Na ciro, na cika tiya da riɗi, na share da rula a gaban jama'a, na ɗora. Bai kai kilo biyu ba. Na cire batir na mayar. Bai ƙaru ba.

Sai wani ɗan dako ya sauke buhu ya matso, ya rusuna ya gaishe ni. Tsohon ɗalibina ne, wanda na sha ba wa sifili.

"Malam, ai kai ka koya mana. Ka ce kilon auduga da kilon ƙarfe nauyinsu ɗaya, amma buhunsu ba ɗaya ba. Riɗi bai kai gero nauyi ba. Kuma tiyar gida da tozonta ake cikowa."

Tiya cika take aunawa, kilo nauyi. Darasin aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne, yana cikin littafin da nake koyarwa da shi. Malaman zaure ma sun san da zancen: zakkar fidda kai sa'i ce, mudun Annabi huɗu, awon cika ne, shi ya sa masu mayar da ita kilo suke ba da lamba dabam ga shinkafa, dabam ga gero. Kuma in za a faɗi gaskiya, tiya tana da abin da sikeli ba shi da shi. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana ganin awonta da idonta, sikeli kuwa mai karanta lamba ne kaɗai ke jin maganarsa. Wakilin ya zare kilo guda a kowane buhu, wai na buhu da ƙasa, na sa hannu ban ce uffan ba.

Da sauran canjin na ce bari in rama a wani wurin. Na sami wani Banijare mai shadda, wanda da mita yake yanka. Mita biyar ta kusa yadi biyar da rabi, ga rabin yadi kyauta ga mai ilimi. Na saya, ban tsaya tambayar yadda ya juya sefa zuwa naira ba. A gida na miƙa wa telanmu, na ce kaftani da wando, ya lura da kyau akwai ragowa. Ya kama bakin shaddar a hancinsa, ya miƙe hannu, ya yi haka sau biyar, ya ce, "Yadi biyar ne, Malam, da ƙyar ma za ta isa."

Ranar idi muna sahu ɗaya da shi. Ƙaramin ɗansa na gefensa, sanye da 'yar riga sabuwa fil, launinta da zanenta irin na kaftanina sak. Yaron ya gaishe ni, na ba shi goron salla.