Inda Ake Sayar da Santi

Beaune, Faransa
Daren Litinin, ana sanyi kamar zai tsaga ƙashi

Taubashina,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da tunkiyar nan taka da ka ce za ta haifi tagwaye tun ina gida. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka kuma je ka gyara ɓarnar da ka yi: a Burgundi nake, wani yanki na Faransa, ba Burundi ba. Ta kira ni hankali a tashe wai ka ce jirginmu ya yi ɓatan kai. Sunan garin kuwa kada ka wahalar da harshenka. Haruffa shida suke rubutawa, amma Bon suke faɗa, sauran duk ado ne.

Kafin in shiga labari bari in rantse maka: wallahi ko ɗigon giya bai taɓa harshena ba. Na san halinka. Kafin ka kai ƙarshen takardar nan ka tsaya wajen mai shayi a Kanti, kafin magariba labari ya isa Roni cewa ɗan Inna ya zama mashayi a Turai.

Garin nan giyar inabi ce gero da dawarsu. A tsakiyarsa akwai wani tsohon asibiti mai rufi kala-kala kamar hular zanna, wanda wani wazirin sarkin yankin, Nicolas Rolin, da matarsa Guigone de Salins suka gina wa talakawa a 1443. Ka lissafa da kanka, kusan shekara ɗari huɗu ke nan kafin Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure. Masu hali suka riƙa bar wa asibitin gonakin inabi, irin yadda ake waƙafi a wajenmu, har suka kai wajen hekta 60. Tun 1859 ake gwanjon giyar gonakin, yanzu kuwa ranar Lahadi ta uku a watan Nuwamba, kuɗin kuma a zuba a hidimar marasa lafiya da tsofaffi. Ganga guda lita 228 take ci, wato jarka tara mai lita 25 da 'yan kai, ko kurar mai ga-ruwa ba ta cika ba. A 2022 irin wannan gangar guda ɗaya, wadda suke warewa don sadaka ta musamman, an saye ta Yuro 810,000. Kada ka juya shi zuwa Naira kana tsaye. Nemi tabarma tukuna.

Wannan na manya ne, mu ta bayan gilashi muka leƙa. Wanda na gani ido da ido shi ne na unguwarmu. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da ƙungiya, su goma sha biyu, duk gashi ya yi fari. Duk shekara sukan taru su ɗanɗana giya iri-iri, kowa ya rubuta abin da harshensa ya gaya masa, a haɗa rubuce-rubucen a ɗan littafi a sayar, kuɗin a kai gidan gajiyayyu. Da ta ji ba na sha, sai ta rungume ni kamar ta tsinci dami a kala. Ashe direba suke nema. A ƙasar nan wanda ya haƙura da sha don ya mai da 'yan'uwansa gida lafiya, Sam ake ce masa. To ka ji, taubashinka da ya sauke izu sittin a gaban Malam, yanzu Sam ne.

Na zauna a gefe da makullin mota ina kallon ikon Allah. Wani dattijo mai gashin baki kamar na ɗan doka ya ɗauki kofin gilashi mai doguwar ƙafa, an ɗiga masa abin da bai kai kurɓi uku ba. Ya ɗaga shi wajen fitila yana dubawa kamar mai duban jabun kuɗi. Ya jujjuya. Ya cusa hanci har gira. Ya lumshe ido, shiru, har na zaci rasuwa aka gaya masa. Sannan ya kurɓa, ya kuskure baki ƙwal-ƙwal kamar mai alwala, ya juya ya tofar a bokiti. Ya tofar, taubashi! Abin da kwalbarsa ta fi kuɗin buhun gero. Na ce a raina, ko dai tuba ya yi a tsakiyar hanya?

Sai ya ɗauki alƙalami. Tsohuwa ta riƙa fassara mini a kunne. Wai yana jin ƙanshin 'ya'yan itacen daji, da tsohuwar fatar sirdi, da jiƙaƙƙen ganye bayan ruwan sama. Wata ta ce ita ɗan bugun garken doki ta ji, kuma yabo ne. Akwai wata farar giya da suka ce tana da warin fitsarin kyanwa, aka gyaɗa kai ana jinjinawa. Wani ya ce tasa tana da doguwar jela, wani ya ce tasa har yanzu tana jin kunya, sai ta ƙara shekara biyar za ta saki jiki. Nan ne fa na gane abin da ake ciki, dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Santi ne! Santi tsagwaronsa. Abin da in ya kuɓuce wa mutum a gaban akushi a wajenmu, yara sai su shekara suna tsokanarsa da shi, a nan rubutawa ake yi, a buga a littafi, a sayar Yuro goma.

Ka tuna ranar sunan ɗan Yaya a Gwiwa, da ka kai loma ta uku ta tuwon shinkafa da miyar taushe, ka dubi katangar gidan ka ce ai ginin nan da za a sa masa taya da ya kai Kano? Shekara nawa muna yi maka dariya? Ka yafe mana. Ashe baiwa ce Allah ya ba ka muka tozarta. Da a nan ka faɗe ta, da yanzu hotonka na bangon littafi.

Da suka ga ina ta murmushi sai suka ce ba za a bar Sam haka ba, me mutanenmu ke sha? Dama na zo da gorar zoɓona, wanda na dafa da ragowar soɓorodon da Inna ta cusa mini a jaka. A nan bisap suke ce masa, sunan da 'yan Senegal suka kawo musu. Aka wanke kofuna aka zuba. Ja wur, ba ka bambanta shi da nasu a ido, abin da ya sa na hana a ɗauke ni hoto, don na san hoton da ya shiga wayarka sai ya kwana a ofishin Hisba. Dattijon nan ya ɗaga, ya jujjuya, ya cusa hanci. Ya ce yana jin citta, yana jin kanumfari, yana kuma jin rana mai zafi ta faɗi a kan jar ƙasa. Citta da kanumfari gaskiyarsa, ni na zuba. Ranar kuwa ban san lokacin da ta shiga tukunyar ba. Ya tambaye ni daga wace gona, kuma girbin wace shekara, don su kowace kwalba da sunan gonarta da shekararta. Na gyara zama na ce gonar Kawu, gefen Babura, kusa da iyakar Nijar, girbin bara. Ya rubuta da hannunsa. Na ƙara musu da cewa Jigawa ce uwa ma ba da mama wajen noman zoɓo, tirela-tirela ake lodinsa a Maigatari, har Meziko ake kai shi. Kuma ka san wani abu? Babu wanda ya tofar. Bokiti ya tashi a bushe, gorata ta tashi wayam. An ba zoɓon Kawu shafi guda cur a littafin bana.

Shi ya sa na kwana ina tunanin famfon unguwarmu ta Kazaure da ya shekara biyu yana hutu. Sau nawa aka kafa gidauniya? A kafa rumfa, a hayo kujeru da lasifika, babban mai ƙaddamarwa ya iso bayan la'asar ya yi alkawarin miliyan, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi, daga nan sai lambarsa ta daina shiga. Me zai hana mu gwada dabarar tsofaffin nan? A tara fura ta Roni da ta Gwiwa da ta Babura da ta cikin gari, kowace ƙwarya da ludayinta, mai son ɗanɗanawa ya biya kafin ya zauna. Kalmomi kuwa mun fi su: gardi, bauri, gafi, tsami, maƙaƙi, ƙauri, lami. Wace mace ce a Kazaure ba za ta gaya maka nonon jiya ne ko na shekaranjiya daga kurɓi ɗaya ba? Matsala biyu kawai na hango. Ta farko, babu Bahaushen da zai kurɓi fura mai kindirmo ya tofar, ko da bindiga. Ta biyu, in ka ba Kawu takarda ya rubuta ra'ayinsa, kalma ɗaya zai rubuta: a ƙaro.

Akwai kuma tambayar da nake so ka kai wa Malam, amma ka ce wani abokinka ne. A watan jiya santsin ƙanƙara ya kwashe ni da keke, na kwana biyu a asibitin garin, aka ɗaure mini hannu, aka kula da ni kamar ɗan sarki. Sai da na fito tsohuwa ke gaya mini ai da kuɗin gwanjon nan ake saya musu kayan aiki. To mene ne hukuncin hannun? Ya warke sarai, da shi nake rubuta maka takardar nan.

In an sami mai zuwa, a aiko mini da soɓorodo tiya biyu, da citta da kanumfari. Ka ce wa Kawu kada ya sayar da na bana da wuri, gonarsa ta yi suna a Turai. Maganar kuɗin shara kuwa ban manta ba, kai ma kada ka yi kamar ka manta.

Naka har kullum,
Sam na Kazaure